Katin da Injiniya Bai Sa wa Hannu Ba

Injiniya Kabiru ya yi mini ƙarya, kuma a rubuce ya yi ta. Ranar da aka karanta mini ita, wata Talata ce da safe, ko rigar sanyi ban cire ba. Ina ba da labarin nan ne saboda ku da kuke kama aikin hannu a ƙasar nan, musamman masu kunya irina.

Sunana Ado. Aji uku na yi a sakandare na bari. Ubana maƙeri ne a Gwarzo, shi ke yi wa maharban yankinmu bakin kibiya, ni kuma daga zuga na fara har na kai ga riƙe guduma. Da na zo Ingila, shekara tara na yi a unguwar Longsight ta Manchester ina sharar ofis da lodin kaya, kafin Allah Ya haɗa ni da wani shagon baka da kibiya a Birmingham, gaba da unguwar Aston kaɗan. Mai shagon wani tsohon Bature ne, Mista Kolin. Ranar da na je neman aiki bai tambaye ni takardar makaranta ba. Ya miƙo mini wani dakusasshen bakin kibiya da dutsen washi, ya koma yana shan shayinsa. Da na gama ya ja hannun rigarsa, ya aske gashin damtsensa da shi, ya ce, "Litinin ka zo." Ya ba ni benci a ɗakin baya. A duk zamana a ƙasar nan, wannan benci ne wuri na farko da aka dubi abin da hannuna ya iya.

Ga wanda bai sani ba, a nan doka ta hana harbin dabba da kibiya, ko da zomo ne. Yawancin kwastomominmu allo suke harbi a fili. Amma akwai 'yan ƙalilan da suke ƙetarawa Sifen ko Faransa, inda aka yarda, su yi farauta da bakan gargajiya, wanda ba wata na'ura a jikinsa, daga itace sai tsirkiya. Su ne masu sayen baki mai kaifi. A gida maharbi da dafi ya dogara: kibiya ta ɗan shiga, dafi ya ƙarasa aiki. A can babu dafi. Kaifi ne kawai, saboda haka dole kibiya ta ratsa, dabba ta faɗi nan kusa. In ba ta ratsa ba, ka bar halittar Allah tana yawo da ƙarfe a jiki.

Bakin kibiya iri biyu muka fi sayarwa a lokacin. Akwai na wani babban kamfani, mai jan kwali, ruwa uku, wato gefen yanka uku, faffaɗa, yana ƙyalli kamar ɗan kunne. Akwai kuma na wata ƙaramar maƙera, a cikin kwali mara hoto, ruwa biyu, ƙarfe ɗaya daga tsini har gindi. Mummuna ne, kuma ba ya zuwa da cikakken kaifi, sai an zauna an wasa shi.

Dokar shagon ita ce kowace oda tana da kati. Ka rubuta ƙarfin bakan mutum, tsawon kyauro, da irin bakin da ya zaɓa. A ƙasa akwai layi ɗaya: in ka ba kwastoma shawara ya ƙi, ka rubuta, ya sa hannu.

Wata Asabar sai ga Injiniya Kabiru. Na san shi tun a masallacinmu na Longsight, mutum ne da ake tsayawa a gaishe shi.

"A'a! Malam Ado, ashe nan ka ɓuya? Mutanen Manchester suna cewa Birmingham ta haɗiye ka."

"Ranka ya daɗe, neman abinci ne. Ya iyali?"

Muka gaisa sosai. Ya ce za shi Sifen farautar barewa, yana son kibiya goma sha biyu, kuma mai jan kwali yake so, ya gani a bidiyo. Na karɓi bakansa na ja. Mai sauƙi ne, irin na wanda ya fara da girma.

"Injiniya, wannan bakan ba zai tura mai jan kwali ba. Faɗinsa ya yi yawa, ruwansa kuma siriri ne kamar reza. Ya gamu da ƙashi, zai lanƙwashe. Ɗauki wannan."

Ya juya mai ruwa biyun a hannunsa, ya yi dariya. "Wannan? Ai kamar abin da aka tono a kufai. Ko kaifi babu."

"Ni zan wasa maka shi."

"Malam Ado, ƙarfe na karanta a jami'a, shekara shida. Kai dai ɗaura mini abin da na ce."

Ban ce masa ni a cikin ƙarfe aka haife ni ba. Na jawo kati, na ɗauki biro, na nuna masa layin ƙasa.

"Haba! Ni da kai sai mun sa hannu? Mun zama Turawa ke nan? Ajiye biron nan don Allah, mu 'yan gida ne."

Na ajiye. Ku kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Ka ce wa babban mutum ya sa hannu bayan ya ba ka bakinsa, kamar ka ce masa maganarsa ba ta isa ba ne. Kuma gaskiya, rubutun Turancina a hankali yake tafiya, ban so in tsaya ina haɗa baƙi a gaban mai digiri ba.

Aikin kuwa na yi shi kamar na ubana ne. Kowace kibiya na ɗumama gam, na zaunar da bakin, na juya ta a kan farcena in ga ko tana rawa. Biyu suka yi rawa, na cire na sake.

Bayan sati uku, ranar Talatar nan, Mista Kolin ya kira ni ofis ya karanta mini imel. Injiniya ya harbi barewa daga kusa, kibiya ta tsaya a kafaɗa, ta gudu da ita. Shi da ɗan jagoran dajin da ya raka shi sun bi jini har ya ƙare, ba su gan ta ba. Ɗan jagoran ya ƙi sake fita da shi. Ya rubuta cewa ma'aikacinmu ne ya ɗaura bakin a karkace, kuma ba wanda ya gargaɗe shi a kan irin da ya saya. Ya ƙare da tambaya: shin shagon nan ba shi da masu horo ne?

"Ado, ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Kawo katin."

Na kawo. Layin ƙasa fari fat. Ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Ka bar benci ka koma sito, sai na bincika."

Kwana tara ina naɗe kwali da salatif. Ina jin ƙarar dutsen washi daga ɗakin baya, wani yana ɓata ƙarfe a kan bencina. Na zagi Mista Kolin a zuciyata, na ce Bature ne, dole ya bi mai Turanci. Ban san tsohon nan ba ashe.

Ya rubuta wa Injiniya ya aiko da sauran kibiyoyin, guda goma sha ɗaya. Ranar da suka iso ya aike ni wurin mahauci a Aston in sayo allon kafaɗar rago guda huɗu da namansu, ya ce shi ya fi kama da na barewa. Muka fita bayan shago. Da farko ya juya kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan injin gwaji. Ba wadda ta yi rawa. Ya sa filaya ya ja bakin, gam ya riƙe. Sannan ya rataye kafaɗa a gaban allon harbi, ya zaɓi baka mai ƙarfi daidai da na Injiniya.

Mutumin nan in ya ɗauki kofin shayi hannunsa karkarwa yake yi. Amma da ya ja tsirkiya ta kai gefen bakinsa, sai ya tsaya cak kamar an dasa shi. Na ga maharba a gida, ban ga wanda ya fi shi sakin kibiya a natse ba.

Mai jan kwali ya shiga nama ya tsaya a ƙashi, ruwa ɗaya ya naɗe kamar murfin gwangwani. Ya sake da wata kafaɗar, haka. Ya sake, haka. Sai ya ce, "Wasa mini mai ruwa biyu." Na wasa, na ɗaura. Ya harba, ya tsaga ƙashin ya wuce ya nutse a allo.

Ya zauna a kan wani akwati yana haki, ya ce, "Hannunka ya fita. Bakinka ma na yarda da shi, don shekara bakwai ina jin kana zagin jan kwalin nan. Amma yardata ba kati ba ce. Kwana taran nan na katin ne, ba na Injiniya ba. Ni ma da laifina, ni na ajiye abin a kantar shago." A ranar ya kwashe shi daga gaba, ya ce ba a ƙara sayar wa kowa sai an ja bakansa tukuna. Da yamma na koma bencina.

Abin da na koya ke nan. A sana'ar nan ba kwali ake zaɓa ba, ƙarfin bakan mutum da ƙashin dabba ake dubawa. Kuma maigida na gari ba shi ne mai goyon bayanka nan take ba. Na yi aiki a ƙarƙashin mutane da yawa masu murmushi, ba wanda ya taɓa sayen kafaɗar rago don ya wanke ni.

Kibiyoyin ya ce ba zai aika ta gidan waya ba. "Mutuminka ne, kai za ka miƙa masa." Ranar Juma'a ya rufe shago da wuri, ya ɗauke ni a motarsa har Manchester. Ya faka a wani lungu kusa da Stockport Road, daf da masallacinmu, ya buɗe burodinsa, ya ce shi nan zai jira.

Na bari aka idar da salla, jama'a suka watse, don ban zo in tozarta shi ba. Na sami Injiniya zai buɗe motarsa.

"Injiniya, ga kibiyoyinka, an gwada, ba karkatacciya ko ɗaya. Ga kuma ƙashin." Na buɗe leda ya ga lanƙwasasshen ƙarfen a maƙale.

Ya duba hagu ya duba dama. "Malam Ado, raina ne ya ɓaci a lokacin, na ji kunya a gaban mutanen can. Ai ba sai abin ya kai haka ba, mu 'yan gida ne."

Na ce, "Injiniya, da Hausa ka sa na ajiye biro, da Turanci kuma ka ɗauki naka ka rubuta ni. Na ɗauki bakinka ya fi takarda, kai kuma ka duba ka ga wanda ba shi da takarda shi ya fi sauƙin ɗora wa laifi. Barewar nan tana can da ƙarfe a kafaɗa, kuma ba ni na zaɓa mata shi ba. Shago a buɗe yake, ka zo duk ranar da ka ga dama, zan yi maka aiki mai kyau kamar na kowa. Amma ko tsirkiya ka zo saye, ranka ya daɗe, sai ka sa hannu."