Teburin da Ba Ya Daidaita Sai da Kawu

"Kawu, riƙe mani ƙafar nan, kada ka motsa," in ji kafinta.

Farkon ba mu jihar Kebbi ne, ina fiton 'yan albasa a gulbin Jega. Na gaji da ganin fura na zubewa a cinyar fasinjoji, sai na kira kafinta ya kafa mini ɗan tebur a tsakiyar kwalekwale.

Kawuna Manu, ƙaton da ya fi buhun albasa nauyi, shi ya zauna a gefe guda ya riƙe. Kafinta ya ɗora kwanon ruwa a kai, ya yi ta rage ƙafa har ruwan ya tsaya daidai, sannan ya buga ƙusa.

Kawu na fita, jirgi ya miƙe, tebur ya karkace. Kwanon ya sulalo ya kife a wandon kafinta.

Na ce, "Wanga aiki ya ɓaci, a sake."

Kawu ya komo ya zauna. Tebur ya daidaita tsaf.

Kawu ya ce, "Mi ya ɓaci, yaro? Ni ɗai aka rasa. Kullum ka taho da ni."

Haka kuwa aka yi, fito kyauta, fura kyauta, har Allah ya karɓi abinsa.

Jirgin ya ruɓe tuni, teburin yana zaurena. Ɗazu jikata ta ce gurgu ne, in kira kafinta. Na ce lafiyarsa lau, mai shi ne ba ya nan.

Ku fa, wane karkataccen abu kuka ƙi gyarawa saboda wani?