Lachie Gilfillan da Igiya ta Ɗaya

A gyara zama, a kashe sigari, masu hula su cire. Ga Lachlan Gilfillan na garin Greenock da ke can arewa kusa da Glasgow, sarkin masu mutuwa tun fim bai kai rabi ba. Gwarzon da aka harbe sau goma sha tara, aka soke sau bakwai, aka jefa a kogi sau uku, sau ɗaya ma saniya ce ta take shi, amma har gobe yana nan a bene hawa na biyu bayan tashar jirgin ƙasa, yana zagin mai kawo madara. Duk wanda ya taɓa kunna talabijin a ƙasar nan ya san fuskarsa, babu wanda ya san sunansa. Ni na sani ne don dole, ƙanin uwata ne.

An haife shi shekarar da aka fara yaƙin duniya na biyu, shi ne auta cikin uku. Dod babba, sai Ishbel uwata, sai shi. Yana da sha biyar ya bi Dod ma'aikatar ƙera jiragen ruwa kamar kowane ɗa namiji a unguwar. Yana da ashirin da biyu wani ƙarfe ya kuɓuce daga ƙugiya ya same shi a fuska, ya tura masa hanci ya tafi gaida kunnen hagu, kuma hancin bai dawo ba. Dod ne ya goya shi har asibiti, jini na bin wuyan rigarsa.

Wannan hancin shi ne duk jarin Kawu Lachie. Wata rana masu fim suka zo daga Landan ɗaukar hoto a bakin kogi, darakta ya hango shi zaune a kan katanga yana cin burodi da cuku. Bai tambayi sunansa ba. Nuna shi ya yi da biro ya ce a kawo masa wancan mai fuskar. Aka ba shi magana guda, ya faɗa, aka buge shi da kwalba, ya faɗi. Faɗuwar ta yi musu kyau. Daga nan bai sake riƙe guduma ba.

Shekara talatin da biyar ke nan yana faɗuwa. In ana neman mashayi, a kira Lachie, mutumin da ko ranar sabuwar shekara lemo yake sha. In ana neman ɗan daba, mai gadin kurkuku, ko sojan da za a fara kashewa don wani kyakkyawan Bature ɗan kudu ya samu abin yi wa baƙin ciki, a kira Lachie. A ƙarshen fim, can ƙasa, bayan sunan mai ba kare abinci, sai ka ga an rubuta Mashayi na Biyu. Ba a ma taɓa ba shi na ɗaya ba. Ya haddace manyan wasanni tun daga farko har ƙarshe, yana karanta wa bangon ɗakinsa, har maƙwabta su buga masa tsintsiya a rufi. Amma da ya je gwaji, yaro ɗan shekara ashirin da biyar mai gyale a wuya zai ce masa, "Lachie, ƙara ɓata rai. Kuma yi maganar garinku, amma yadda mutane za su gane." Mutane! Mu da muke nan awaki ne ke nan. Takaicin wannan ne ya cinye masa ciki, har ya zama in ya ce maka ina kwana sai ka duba ko ka taka masa ƙafa.

Sau ɗaya tak aka ba shi ya fito a matsayin mutum mai suna. A shekarar saba'in da tara ne, wani wasan talabijin kashi shida, shi ne ɗan wata tsohuwa matar masunci. Yana can kudancin Ingila ana ɗauka, kakata, wato uwarsa, ta rasu ranar Talata, aka sa jana'iza Juma'a. Juma'ar nan kuwa ita ce ranar da masu fim suka kama maƙabarta, suka tara mutum sittin, suka kawo motar kashe gobara ta yi musu ruwan sama, don a ɗauki inda ɗan masunci ke binne uwarsa. Lachie ya roƙi kwana ɗaya. Darakta ya ce ga hanya nan, amma ya sani karkatattun hanci ba su ƙare a Glasgow ba. Lachie ya tsaya.

A wajenmu igiya takwas ake ɗaura wa akwatin gawa, kowace da lambarta. Mai shirya jana'iza ya ba iyali kati takwas, su raba wa maza mafi kusa, a bakin kabari a kira lamba, kowa ya kama tasa a sauke mamaci. Ta ɗaya a wajen kai, ta wanda ya fi kowa kusanci, ta biyu a ƙafa. Ranar nan Dod ya riƙe ta ɗaya. Ta biyu, ta Lachie, mai kawo mana kwal aka kira ya riƙe, da baƙin da bai gama fita daga farcensa ba.

Bayan sati shida aka nuna wasan. Duk Greenock ta zauna gaban akwati ta ga Lachie Gilfillan durƙushe a cikin laka yana kukan uwar da ba tasa ba, kuka har da majina. Jaridu suka yaba. Uwata ta tashi ta kashe talabijin, kuma daga ranar, shekara goma sha tara, abin da ke haɗa su bai wuce gaisuwa ba. Dod kuwa bai juya masa baya ba. Duk Asabar zai zo ya buga masa ƙofa su tafi filin ƙwallo su ga an cinye kulob ɗinsu, su dawo suna zagin alƙalin wasa. Iyakar zumuncin da ya rage wa Lachie ke nan a duniya.

To bara Dod ya rasu. Ƙurar da ya shaƙa a cikin jirage ce ta cinye masa huhu. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, don haka katunan nan takwas hannun uwata suka zo. A wajen mai aski Lachie ya ji cewa lamba ɗaya an ba Malky Orr, abokin kartar Dod, shi kuwa ko ta takwas ba a ware masa ba. Ya miƙe da rabin kai a aske.

Ya sami uwata a kicin da safe tana guge baƙar riga. Ina gefe ina cin burodi, babu wanda ya kore ni, ni ma ban yi tayin tashi ba.

"Yaya, ina katina?"

"Wane kati? Na Kirsimeti? Ai da saura."

"Kada ki raina min hankali. Dod yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kaɗai ne ɗan'uwansa namiji a bayan ƙasa. Malky Orr! Mutumin da ke ɓoye karta a cikin safa!"

"Malky dai in an kira lambarsa yana nan." Ta juya rigar ta ɗora dutsen guga. "Kai wa ya sani? Ƙila a yi maka waya daga Landan a ce ana neman wanda mota za ta banke. In sake neman mai kwal? Ai ya mutu shi ma."

"Shekara goma sha tara, Ishbel! Wanda ya yi kisan kai ma da yanzu an sake shi."

"Shi ai ya zauna a kurkuku. Kai jarida ka shiga."

Nan ya buga tebur har kofuna suka yi ƙara. Jijiyar wuyansa ta tashi, hancin ya yi ja.

"Kin ɗauka wa nake wa kuka ran nan? Waccan matar da ta fito a matsayin uwata? Tana can cikin mota tana shan sigari, akwatin ma babu kowa ciki, buhun yashi ne! Ƙarfe sha ɗaya daidai suka kunna kyamara, na san a lokacin ake sauke Inna. Ita nake wa kuka. Ita! Sau huɗu suka ce a sake, sau huɗu na yi, ban ƙara komai nawa ba."

Ya ɗauka wannan zai karya ta. Shekara goma sha tara yana ajiye da maganar nan kamar harsashi na ƙarshe. Uwata ta jingine dutsen guga ta dube shi.

"Au, na Inna ne? To wallahi gara da ƙarya ne. Kukan uwarmu ka ɗauka ka kai wa baƙi, suka sa masa kiɗa, suka yanka shi biyu suka sa tallan sabulu a tsakiya. Ni da Dod muna tsaye a ruwa, kai kana can kana raba wa duniya rabonmu."

Ya dafa tebur ya sunkuyar da kai.

"Zan zo," ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Da kati ko babu. In an kira lamba ɗaya zan fito, sai dai Malky ya yi kokawa da ni a bakin rami, ki ga wanda zai faɗa."

Ta san zai yi. Ta jawo aljihun tebur ta zaro kati ta wurga masa, ya faɗi kusa da man shanu.

"Ɗauka. Amma ji nan, ɗan wasa. Na san fuskokinka duka, na ƙirga su. Na san ta rawar leɓe, na san ta kallon sama, na san wadda kake danne ido da yatsa biyu. In na ga ko ɗaya a kabarin Dod, ko hawaye guda, na rantse a gaban fasto zan zo in ƙwace igiyar daga hannunka. Ba za ka yi wasa a kan yayana ba."

"Yayanki ke kaɗai?"

"Ka ji dai. Kuma je ka ƙarasa askin nan, kamar wanda kare ya lasa."

Maƙabartar tana kan tudu, ana hango kogi da wuraren da ma'aikatu suke a da, yanzu fili da ciyawa. Ruwa na sauka, na Allah, ba na motar kashe gobara ba. Mai shirya jana'iza ya ce lamba ɗaya, Lachie ya fito ya tsaya wajen kai ya naɗe igiyar a hannu. Ya sauke gawa a fim ya fi sau goma, kullum akwati babu kowa ciki, kullum yana nishi yana ɗaure fuska kamar nauyi zai tsinka shi. Sai ga shi yau akwai mutum a ciki, amma igiyar sakayau. Ashe masu haƙa kabari ne ke ɗauke da nauyin da maɗauransu masu faɗi, igiyar dangi ta girmamawa ce kawai. Bai sani ba. Ina zai sani? Mutumin da ya goya shi zuwa asibiti yana sauka ƙasa, shi ko nauyin kan Dod ba a bari ya ji ba.

Leɓensa ya so ya yi rawa, ya tuna na ɗan masunci ne, ya cije. Ya so ya ɗaga kai sama, ya tuna na sojan nan ne da aka harba a cikin dusar ƙanƙara. Ya so ya sunkuya, ya tuna na mai gadin kurkuku ne. Duk inda fuskarsa ta nufa, ya riga ya sayar da wajen, kuma mutanen da ke tsaye kewaye da ramin duk sun gani, wasu ma sau biyu. Babu wadda ta rage wa Dod. Uwata tana tsallaken kabari, idonta a kansa ko ƙiftawa babu. Sai ya tsaya ƙiƙam kamar turken fitila, yana kallon sunan da ke kan akwatin yana nisa, har ya taɓa ƙasa. Aka ce a saki. Bakwai suka saki. Tasa sai da mai shirya jana'iza ya taɓa masa kafaɗa sannan ya buɗe hannu.

A ɗakin cin abinci na otal ɗin da aka yi zaman shayi, tsofaffin mata sun haɗa kai kusa da tukunyar miya, ba su ma rage murya ba.

"Kin ga Lachie? Ko ɗigo."

"Dutse ne, 'yar'uwa. Ga shi a tallan nan na abincin kare har sai da ya sa ni ƙwalla."

"Ai sai an kunna masa fitila."

Yana ji. Yana zaune shi kaɗai a ƙarshen dogon tebur, kunnuwansa jawur, yana murza cokali kamar zai lanƙwasa shi. Uwata ta zo wucewa da faranti, ta dire masa nama da dankali a gaba da ƙarfi har romo ya fantsama masa a riga.

"Ci, kafin ya huce. Lahadi akwai miya, in ka ga dama." Ta wuce ba ta jira amsa ba.

Ni kuwa abin ya cika ni. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ɗaga kofin shayina sama, na ce, "Kawu, na ga duk finafinanka, har waɗanda ba ka kai minti biyu da rai ba. Amma abin da ka yi yau a bakin ramin nan, wallahi babu ɗan wasan da aka haifa a Landan da zai iya shi. Da akwai adalci a duniya, da yau an ba ka lambar zinariya, an sa wa titi sunanka, an..."

Bai ko ɗago ba. Ya soki dankali da cokali mai yatsu.

"Yayana na binne," ya ce. "Miƙo gishiri."