Ciwon Lawali da Laifin da Aka Ɗora wa Inna

Da kakar bana ƙanena Lawali ya cika shekara hamsin a ƙasa. Yana ɗan shekara bakwai ya tafi.

A Rawayya muke lokacin. Yaro ne mai tambayar tsiya, ba ya zama wuri ɗaya. Sai ga shi ya ɗashe, dasashinsa na jini, jikinsa duk tabo kamar an doke shi. Baba ya goya shi a keke zuwa asibitin Bungudu, aka ce sai Gusau. Can likita ya ce sankarar jini ce, ba su da abin yi. Muka dawo gida. Yana kwance ya ce mini, "Yaya, me ke shan jinina?" Ana yankan gero ya cika.

Dangin Baba suka ce ruwa ba ya tsami banza, jinin Inna ne ba shi da kyau. Ba ta yi musu ba. Ta koma gidansu a 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, ba ta dawo ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bara ɗiyata Kulu, mai aikin gwajin jini, ta yi mini bayani. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, kowace takan sake jera rubutun gadon halitta da ke cikinta don ta gane cuta. In ɗaya ta lalace ta yi ta hayayyafa, irin ciwon Lawali ke nan, kuma duk zuriyarta jeri ɗaya suke ɗauke da shi, kamar shaidar da ake yi wa dabbobin garke ɗaya. Da wannan likitoci ke bin sawun ciwon, kuma yara da yawa na warkewa. Ta ce galibi a jikin yaron abin ke faruwa, ba daga uwa ba. Da Lawali na nan, da ya ishe ta da tambaya, har da wadda ta fi ciwo: ɗan manomin Rawayya zai kai inda ake wannan gwajin?

Na tafi 'Yankuzo na faɗa wa Inna. Ta tsufa, gani ya yi rauni. Sai ta ce:

"Ashe ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce, Inna."

Ta yi kuka. Sannan ta fara ba ni labarinsa, abin da ba ta taɓa yi ba, har aka kira la'asar. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Abin da ta faɗa ranar, shi ne ya rage mana na Lawali. Allah ya sa mai ceto ne.