Kawu Labbo da Farautar Mahaɗi

Duk wanda ya gaisa da Kawu Labbo a shekarunsa na ƙarshe ya san gaisuwarsa ba ta tsayawa inda ta kowa ke tsayawa. Zai tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa in damina ce, sannan ya riƙe hannunka ya ce, "Kana da shafi ga intanet?" In ka ce a'a, ya sake ka ba fushi. In ka ce e, to ka nemi wurin zama. Ya yi wa likita wannan tambaya ana tsakiyar auna masa jini.

Ni na jawo, ban musa ba. Kawu yayan Innarmu ne, malamin gona ne da ya yi ritaya a Bukkuyum, ni kuma ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gummi. Ɗakinsa cike yake da kwalaben iri, gero da maiwa da dawa da wake, kowace da sunan ƙauyen da ya samo ta. Da rashin tsaro ya fara tayar da ƙauyuka sai ya shiga damuwa. Ya ce wanda ya gudo 'ya'yansa yake ɗauka, ba ya tsayawa ɗibar iri, kuma irin da ya yi shekara uku ba a shuka ba ya tafi ke nan. Sai na buɗe masa shafi. Muka ɗauki hoton kowane iri, ya rubuta ƙasar da yake so, da kwanakin da yake yi kafin ya nuna.

Bayan mako biyu ya kira ni.

"Hajo, na rubuta irin gero cikin abin binciken ga, ban ga kaina ba."

Na ce ya yi ta matsawa gaba. Ya iske kansa a jeri na bakwai, ƙarƙashin wani mai sayar da injin niƙa.

Na yi masa bayani cewa injin bincike ba ya ganin kwalabe. Ban da kyan rubutu, yana duba shafuka nawa ne suka sa mahaɗinka, wato linkin da mutum zai taɓa ya faɗo shafinka, kuma yana duba su wane ne masu shafukan. Sai ya ce, "Ashe alƙali na. Shaidu shika biɗa." Daga ranar bai sake kiran abin da wani suna ba sai Alƙali.

Na ce ya riƙa aika wa masu shafuka saƙo. Ya ce mai ƙafa ba ya roƙon alfarma ta waya. Ya ji labarin wani Bello a Anka mai shafin labaran gari, sai ya ɗaure kwalabe uku a bayan babur ɗinsa, wanda yake kashewa a kowace gangara don kada mai ya tafi a banza, ya bi ta Nasarawa Burkullu ya isa da hantsi. Bellon ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce ganin tsoho da wannan tafiya, nan take ya sa mahaɗin, ya juyo masa kwamfuta ya gani.

Kawu ya ce, "Ka karanta abin da nir rubuta?"

"Zan karanta, Baba, in na samu sarari."

"To hidda shi."

"In cire? Ba shi ya kawo ka ba?"

"Shi yak kawo ni. Amma ba ka shaidar abin da ba ka gani ba. Ina nan zaune, karanta."

Bello ya karanta tun hantsi har azahar, Kawu na yi masa tambayoyi kamar ɗan aji uku. Sau biyu ya faɗi a kan maiwa, aka koma baya. Kawu ya ci tuwon gidan, ya yi salla, sannan ya ba da izini a maida mahaɗin. Bello ya ce a rayuwarsa bai taɓa yi wa mutum alherin da sai ya ci jarrabawa tukuna ba, sai ranar.

Ana haka wani mutum daga birni ya samu lambarsa. Ina gidan a ranar, Kawu ya ƙara muryar wayar in ji.

"Ranka ya daɗe, zan samo maka mahaɗi ɗari biyar cikin kwana uku."

"Su wa da wa?"

"Shafuka ne na ƙasashen waje."

"Sun san gero?"

"Ba sai sun sani ba, ranka ya daɗe."

Kawu ya ce ya turo sunayensu. Na buɗe masa guda goma. Na caca ne, da na maganin rage ƙiba, da wani da ba mu gane ko daga dama ake karanta shi ko daga hagu ba. Kawu ya miƙo mini wayar ya ce, "Gaya mishi ko kyauta ba ni so. In mutanen ga sunka shaide ni, ni kaina ba ni yarda da kaina."

Alhaji Mande, abokinsa tun firamare, mai shagon taki da maganin feshi a Gummi, shi ya sayi mahaɗin a wurin mutumin. Cikin kwanaki shafinsa ya haye sama. Duk ranar kasuwar Gummi in Kawu ya zo sai ya ƙwala masa kira daga bakin shago, "Labbo, har yanzu kana na bakwai? In aiko maka da tsani?" Bayan wasu watanni injin ya gane haɗin baki ne, shafin Alhaji ya ɓace ɓat. Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zo shagon, ya cire takalmi, ya zauna ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, ya haƙuri? Yaushe anka yi rashin?"

"Wane rashi?"

"Na biɗe ka har jeri na ashirin, ban ishe ka ba. Allah shi maida alheri."

Alhaji ya jefe shi da buhun taki, Allah ya sa babu komai ciki. Da yamma kuma Kawu ya sa ni na sa mahaɗin Alhajin a shafinsa, amma na ɓangaren taki kawai. Ya ce feshin bai gwada ba.

Abin da ya ɗaga shi a ƙarshe naci ne. Ya tsiri bin shafukan makarantun noma yana taɓa kowane mahaɗi, yana neman wanda ya mutu, wato wanda in ka taɓa ba ya kai ka ko'ina. A shafin sashen noma na wata jami'a ya samu guda, a kan gargasa, geron nan mai gashi da tsuntsu ba ya iya ci. Ya zauna ya rubuta musu wasiƙa da biro, takarda huɗu, yana sanar da su suna aika mutane gidan da ya rushe alhali ga nasa a buɗe. Ya zuba ƙwayoyin gargasa a ambulan ya ba direban motar haya. Muka yi masa dariya har da Inna. Bayan wata uku wata malama daga sashen ta kira shi, suka yi awa guda suna maganar gero, ta gyara mahaɗin ya koma kansa. Wasu shafukan suka gani suka bi.

Ranar da ya shiga jerin farko na kira shi da murna. Ya ce, "Na nawa?" Na ce na uku. Ya ce, "Mai injin niƙa hwa?" Na ce yana can baya. Ya ce, "To madalla," ya kashe waya don kada kati ya ƙare.

Gab da damina wani dattijo mai suna Malam Umaru ya yi sallama a ƙofar gidan. Mutumin wani ƙauye ne wajen Gwashi, sun gudo shekarun baya, yana zaune gefen Gummi a gonar aro. Ɗiyarsa ce ta rubuta gargasa a waya, shafin Kawu ya fito. Da aka miƙa masa kwalbar ya karanta sunan ƙauyen da ke jiki, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce ƙauyensu ne, irin babansa ne, ya ɗauka ya ƙare a duniya. Kawu, wanda ko ni bai taɓa bari in buɗe murfin kwalba ba, ya juye masa kusan duka a gefen rawani, ya rage abin da bai kai cikin cokali ba. Malam Umaru ya sa hannu a aljihu. Kawu ya ce, "Bari. Tahi ka shuka, ruwa na tahe."

Tsakiyar daminar nan Kawu ya kwanta, kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Wayarsa ta dawo hannuna. Da kaka ta matso wayar ta yi ƙara, na ɗauka, sai muryar Malam Umaru, yana cewa a gaya wa Malam gero ya yi kai, tsuntsaye na sauka a kai suna tashi ba su ɗauki komai ba. Na gaya masa Kawu ya rasu. Ya yi masa addu'a. Sannan ya ce dami biyu zai ware, ya raba wa mutanen ƙauyensu da suke zaune tare, kowa ya samu na shuka baɗi.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Duk bakin da ya ci daga geron nan, Allah ya kai ladan gare shi. Mutanen nan kuma Allah ya maida su gonakinsu lafiya.