Shekarar da ba a tara kara ba

Inna ta koyar a lakkwal ɗin ƙauyenmu, wato makarantar boko, can ƙasar Sarkin Hausa, tun ina goye har kanta ya yi fari fat. Kowa Madam yake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. Mu 'ya'yanta da jikokinta ne kawai muke cewa Inna.

Ajinta na 'yan fari ne, waɗanda ba su san riƙon alli ba, kuma na kara ne. Damina ta kwantar da shi, kaka a sake tayar da shi. Da an gama girbin hatsi sai ta ci ɗamara ta bi gida-gida. Ba ta roƙo. Tsayawa take a ƙofar mutum tana gaisuwa, ta tambayi lafiyar mata da yara har awaki, ta ƙi tafiya, sai kunya ta sa maigida ya ɗauko dami ko gwafa ya ɗora a amalanke. Ko da ta ajiye aiki ba ta bar wannan yawon ba, da sandarta take yinsa.

Ta rasu hatsi na fidda kai. A shekarar ne ɗiyar yayana, mai sunan Inna, za ta shiga lakkwal. Inna da kanta ta saya mata allo, ta ɗinka mata jaka da ragowar atamfa.

Ranar addu'ar arba'in tsofaffin ɗalibanta suka zo daga Maradi da Yamai, motoci har bakin rijiya. Jagoransu wani babban ma'aikaci ne, shadda tana ƙara, turare kamar an kifar da kwalba. Na san shi sarai, ajinmu ɗaya. Shi ne ya taɓa jiƙa wandonsa a gaban allo, Inna ta kwance mayafinta ta rufa masa asiri. A wurin addu'ar ya miƙe ya share idon da babu ko ɗigon hawaye a ciki.

"Jama'a, abin kumya ne," in ji shi. "Madam ta ƙare rayuwatta cikin kara. Bana an gama! Kilas na siminti da kwano za mu gina, mu sa mashi sunanta."

Ba ƙarya ya yi ba a kan kara. Ajin kara yana zuba, yana tara kunama, ga tsoron wuta. Shi ya sa mutane suka yi ta sa masa albarka har muryoyi suka dushe.

Sun dawo sau ɗaya, aza harsashi. Bulo biyu, ɗan kwaɓin siminti, da masu ɗaukar hoto da suka fi magina yawa. Jagoran ya duƙa yana tattare hannun riga kada ta ɓaci. Suka cinye ragon da aka yanka musu, suka tayar mana da ƙura.

Aka yi girbi. Ba wanda ya bi gida-gida, don me za a bi? Masu saye don abincin dabbobi suka kwashe kara amalanke-amalanke, abin da ya rage shanu suka tattake. Na sami yayana a zaure.

"Yaya, a aje ko dami kaɗan ne, ba a sani ba."

"Ke mi kika sani? Manyan mutane sun yi magana gaban jama'a, ke ce za ki ƙaryata su?"

Haka ya ce mini, yana sakace, shi da ɗiyarsa ce ke jiran ajin.

An turo wani saurayin malami don 'yan fari. Kullum sai ya zo da babur daga Mayahi, ya zauna a inuwar bangon manyan azuzuwa yana kallon bulo biyu. Ni kuwa na yi ta kiran jagoran. Da fari yana cewa, "Ana bisa dosiye, takardun ginin na tafiya, ƙanwata, ki yi haƙuri." Daga baya wayar ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Amma duk Juma'a sai na ga hoton Inna yana yawo a wayoyinsu, an zagaye shi da furanni, kowa yana rubuta uwa ce gare shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai gyaru ba. Uwa! Da ransu da lafiyarsu ba su iya abin da tsohuwa mai sanda take yi ba, sun kuma hana a yi.

Da sanyi ya shigo na gaji. Na ɗauki adda na nufi gidan Inna, na fara yanke igiyoyin darninta, don shi kaɗai ne karan kirki da ya rage a garin. Yayana ya sheƙo da gudu.

"Kin haukace? Gidan uwarmu za ki tsiraita?"

"Ka kawo naka darnin in bar wannan," na ce masa. Ya juya ya tafi.

Matan unguwa suka taya ni ɗauka. Muka kafa gwafanni, muka jingina kara, muka yi rufi, ajin ya tashi karkatacce amma ya tashi. Gidan Inna kuwa ya zama fili, mai wucewa yana hango randarta da ƙofar ɗakinta.

Washegari na je wurin shugaban lakkwal in ce a tara yara. Ya kasa haɗa ido da ni. Ashe tuni an ɗauke malamin an kai shi wani gari inda akwai aji, tunda mu ba mu da shi. 'Yan fari sai baɗi.

Na gaya wa mai sunan Inna, ban ɓoye mata komai ba. Ta saurara, ta gyaɗa kai. Da safe sai ga ta da tsintsiya ta nufi ajin. Ta share shi tas, ta zauna a ƙasa a layin gaba, ta fuskanci inda malami zai tsaya. Na bi ta don in dawo da ita gida, na tsaya a bakin ƙofa, na rasa ta inda zan fara.