Ranar da sonda ta maƙale kusa da Gabi

A shekarun casa'in ina cikin masu haƙa rijiyar foraj, wato burtsatse, a ƙasar Madarumfa. Karatuna bai yi nisa ba, aikina juya keken da ke saukar da sonda. Sonda dogon ƙarfe ne da ake zurawa cikin rami da waya. A bakinta ake ɗaura wani ɗan abu mai fid da hasken gamma, wanda ido ba ya gani. Shef, wato shugaban aikinmu, shi kaɗai ke ciro shi daga akwatin dalma, don haskensa na cutar da jiki. Hasken ya shiga dutse ya dawo, sai a gane nauyin dutsen, a san inda yashi ke riƙe da ruwa. Ramin da bangonsa ya zaizaye kuwa, sai an bi shi sannu.

Ni ina da son a gan ni, Allah ya yafe mini. A wani ƙauye kusa da Gabi na tara mutane ina zuba musu bayani, hannuna na gudu da keke. Sai waya ta ɗaure tamau. Sonda ta maƙale.

Shef ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "In wayar nan ta tsinke, abin ya zauna ciki, siminti za mu zuba. Ba mai shan ruwan nan."

Maigari, wani tsoho mai fara'a, ya naɗe hannun riga. "Guga ne ya maƙale? Samari, ku kama! Mun fid da bijimi daga rijiya, balle wannan sanda."

A ƙauye ba a mai da hannun gayya. Amma na sha gabansu.

"Baba, don Allah a saki."

"Kai ɗana, ɗazu kai ne gwani. Yanzu ƙarfinmu ka raina?"

"Ba raini ba ne, Baba. Wannan ba a jan ta, lallashinta ake yi."

"Ashe amarya kuka zura mana!"

Aka fashe da dariya, samari suka ja baya.

Shef ya ce in sassauta. In sauke ta kaɗan, in ɗaga kaɗan, haka har inuwa ta juya. Can na ji keke ya yi sauƙi a hannuna. Sonda ta fito duk laka, shef ya mai da abin cikin dalma ya kulle.

Maigari ya leƙa ramin. "To shef, yaushe za mu sha?"

"Da zarar mun sa tiyo, Baba."