Batirin Da Na Gasa Da Hannuna

A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan kabu-kabu ne a wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Gummi, matata tana ɗauke da cikinmu na fari. Ƙauyenmu babu wutar lantarki, don haka duk ranar kasuwa ni ke tattara wayoyin mutane a jaka, kowace da sunan mai ita a jikin salatif, in kai wa mai caji a gari, in dawo da su da yamma. Wannan ya sa ake yi mini kallon masanin waya, ni kuma kaina ya fasu. Tawa wayar ta hannu ce amma mai tsada, kowa yana son ya taɓa ta. Aibinta ɗaya, batirinta ya gaji, kafin azahar ta mutu. Ban damu ba, tunda duk garin haka ake fama.

Sai ƙanena ya dawo daga wajen haƙar zinare a Bagega da sabuwar waya fil a kwalinta, irin na yanzu masu ƙaton batir. Kai, wayar nan ta ci mini tuwo a ƙwarya! Caji ɗaya sai ta kai wata kasuwar ba ta mutu ba. Da ita Inna ke jin tafsiri, da ita ake kiran ƙanwarmu da ke aure a Anka. A majalisa aka fara tsokanata, wai wayata tsohuwa ce mai gyangyaɗi, ta ƙanena ce ke tsaron gari. Ina dariya tare da su, amma wallahi ta yaƙe ce. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar da Inna ta ce tunda cikin matata ya tsufa, wayar ƙanena ce za ta riƙa zama a gida, don in naƙuda ta tashi a kira ni in zo da mashin. Wato a kan matata ma, abin ƙanena aka yarda da shi, ba nawa ba.

Wata rana mai caji ya juya wayar ƙanena a hannunsa yana yabawa, ya ce in gaya wa mai ita ya kiyaye ta daga zafi. Ya ce girman batir daban, lafiyarsa daban; in zafi ya dafa shi, zai riƙa nuna a cike alhali cikinsa fanko ne. Saƙo aka ba ni in kai, ni kuwa sai na mayar da shi makami. Daga ranar, duk lokacin da wayar ta shigo jakata, sai in ware ta. In an cire ta daga caji in ɗora ta a kan tankin mashin, in bar ta a tsakiyar rana, ni ina inuwa ina shan fura. Wani lokaci sai na sa gefen riga kafin in iya ɗaukarta. Ban yi nufin kowa ya cutu ba, Allah ya sani. So nake kawai a daina yabonta, a ce ashe ita ma waya ce kamar kowace.

A hankali bayanta ya fara kumbura kaɗan. Ƙanena ya kawo mini, ya ce Yaya duba mini, kai ka san waya. Na jujjuya ta, na ce haka sababbin nan suke, babu komai. Ya yarda, don bai taɓa musa mini ba.

Ranar da ba zan manta ba ranar kasuwa ce. Na kwashe wayoyin unguwarmu kaf, har da ta liman, aka bar ta ƙanena a gida saboda tana nuna sauran caji da yawa. Bayan azahar ina rumfar mai caji, tawa tana jone, sai ga kiransa. Na ɗauka, na ji ya ce Yaya, sai ɗif. Na kira, aka ce a kashe take. Jama'a, kun san abin da na yi? Dariya na yi. Na gaya wa na kusa da ni cewa yau mai tsaron gari ta yi barci. Daɗi ya rufe mini ido har ban tuna dalilin da ya sa aka ajiye wayar a gida ba. Na zauna na jira sauran wayoyi suka cika, na yi la'asar, sannan na kama hanya ina fito.

A hanya na gamu da amalanken shanu. Ƙanena ne ke kora su, ya jiƙe sharkaf da gumi, Inna tana rungume da matata a ciki, zanenta duk jini. Ashe tun da hantsi naƙuda ta tashi, ta zo da gardama, ungozoma ta ce a tafi asibiti. Da wayarsa ta mutu, ƙanena ya bi gida-gida neman wata, duk suna cikin jakata. Muka ƙarasa asibiti da matata a kan mashin, Inna na riƙe da ita ta baya. Matata ta rayu, amma ɗiyar ba ta zo da rai ba. Malamar asibiti ta ce mun makara. Rai na Allah ne, na sani, amma na kuma san wanda ya ɗora waya a kan tanki.

Bayan mun binne ta, ƙanena ya same ni a zaure, ya durƙusa yana kuka, wai in yafe masa, shi ya sayo wayar banza ya sa gida ya dogara da ita. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai da damina ta wuce na iya buɗe baki na gaya masa gaskiya. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kada in gaya wa Inna.

Na rubuto ne don mai jin zafin abin da ɗan'uwansa ya samu. Hassada ba ta tsayawa inda ka aike ta. Ni waya na nufa, ɗiyata ta samu. Kuma duk wanda gidansa ya dogara da waya ɗaya, ya raba ta da rana, in ya ga ta kumbura ko tana mutuwa farat ɗaya, kada ya yarda da abin da take nunawa, ya kai a duba. Har yau ni ke kai caji. Duk ranar kasuwa ƙanena ne ke fara miƙo mini sabuwar wayarsa. Ni kuwa a aljihun ƙirji nake sa ta, ƙarƙashin riga, kuma duk tsawon hanyar nan ina jin nauyinta.